Faci Na Huɗu

Sallau mai faci yana ƙarƙashin tagata a Fagge.
Tun hantsi yake tsoma tiyub a bahon ruwa,
yana jiran kumfa ta tona inda iska ke sata.
Ni ma faci nake a saman bene,
sai dai nawa ba ya warin gam,
ba ya baƙanta farce.

Aikina a cikin ƙwayar na'ura yake,
can ƙasa, inda idon mai latsa waya ba ya kaiwa,
inda ake raba wa ayyuka lokaci
kamar rabon nama ran suna:
kai ga naka, kai dakata, kai ka karɓa ɗazu.

Sau uku ina turawa, sau uku yana dawowa.
Wata mata ce ke tsaron ƙofar, can ƙasar sanyi,
ban san fuskarta ba, na dai san idonta.
Na fari, ta ce layina ya zarce harafi tamanin.
Na biyu, wai na bar fili a wutsiyar layi.
Fili!
Abin da ko na'urar ba ta gani.
Na rufe kwamfuta, na sauka na sha shayi wajen Tasi'u
ina ƙunƙuni har kofi ya huce.
Tasi'u ya ce, ba tare da ya ɗago daga kaskon ƙwai ba:
gyara kayanka ai ba sauke mu raba ba ne.

Na ukun shi ya fi ciwo, don kalma biyu ce:
Ka auna?

Akwai wani ɗan aike a cikin rubutun, layi goma sha tara.
Wanda ya gabace ni ya ga kiransa ɓata lokaci ne,
sai ya ce a ɗinke shi a jikin duk mai neman sa,
wuri arba'in da ɗaya,
kowa da nasa a aljihu.
Ni ma na bar shi haka, na ce ai sauri ne.
Ban auna ba.

Da na auna bayan isha'i, janareton maƙwabci na tari,
sai na ga mun guji tafiya ɗaya
mun ɗauki kaya arba'in.
Na warware ɗinkin, na ajiye ɗan aiken wuri guda,
mai so ya kira shi da suna.
Ƙwaya ta rame da kilobayit uku.
Gudu bai ragu ba ko da ƙyaftawa.
Amma wancan ƙaramin, mai layi ɗaya tal,
na bar shi a ɗinke:
ba a tura yaro Kurmi don gishirin miya ɗaya.

Ina cikin shara na tarar da wasiyya a gefe:
a gyara wannan nan gaba.
Harafi biyu ne sa hannun, shekara goma sha bakwai.
Ko yana raye, ko ya koma noma,
ko shi ma wuta aka ɗauke masa a daren, oho.
Na daɗe ina kallonta kafin na goge.
Ashe ni ne nan gaban.

Taku takwas daga gefe, kowane layi ya shiga sahu.
Baka ta buɗe a inda ta saba,
ta rufe ita kaɗai a ƙasa.
In abu ya ɓaci, ƙofar fita ɗaya ce,
kuma abin da ka ara a ƙarshe
shi za ka fara mayarwa.

Hanne ta hawo da tuwo, ta ce, yau me ka ƙera?
Na ce na goge layi ɗari biyu da sha ɗaya.
To me na'urar ke yi yanzu?
Abin da take yi jiya.
Ta ajiye kwanon, ta dube ni
irin duban da ake wa mai zazzaɓi.

Da safe na leƙa.
Sallau ya danna tiyub cikin ruwa,
ya juya shi, ya sake juyawa.
Ba kumfa.
Mai adaidaita zai wuce Bata da fasinja uku,
ba wanda zai tambayi sunan mai facin.

Na tura na huɗu.
Can wajenta gari bai waye ba tukuna.